Na gano inda but ke yoyo

Daren Laraba, tsakiyar damina

Alhamdu lillahi, yau na huta! Tun saukar damina ruwa ke shiga but ɗin motata, har ya jiƙa ƙuli-ƙulin da nake kai wa Inna kasuwar Zakirai, ta yi fushi ta daina ba ni. Da la'asar na shige but ɗin da tocila, na sa matata Hauwa ta rufe ni tana kwara ruwa. Ashe robar fitilar baya ce ta tsage. Na fito na cike wurin da gam, na koma muka sake gwadawa, ko ɗigo babu. Na yi ta buga murfi, Hauwa tana dariya: "Malam, sai ka yi alkawarin kai ni gidanmu ran Juma'a zan buɗe." Na yi, har da rantsuwa.