Daren da Rana Ta Kama Wata

Daren Laraba, tsakiyar watan Sha'aban, Tamale.

Kaina ya ɗaure yau. Bayan isha'i wata ya yi jajawur, duk zongo, unguwarmu ta Hausawa, aka fito da gwangwanaye, Dagwamba 'yan gari na can da gangunansu, ana roƙon rana ta sake shi. Na miƙa wa ɗana Issahaku murfin tukunya, ya ƙi karɓa. Wai tica ya ce inuwar duniya ce kawai. Ya ɗauko lemo da fitila ya nuna mini. Ni dai lemo na gani.

Liman kuma ya ce a bar kiɗa a yi salla. Na yi sallar, na dawo na ɗan buga murfin, don kada a ce saboda ni wata ya tafi.

Da ya washe, Issahaku ya ce, "Baba, ko ba ku buga ba, zai fito."

Na ce, "Wa ya taɓa gwadawa?"

Ya ce, "To kai da ka yi makaranta, wa ke da gaskiya?"

Aji biyu na yi, amma kullum ina cika masa kunne kamar ni na koya wa Bature boko. Na nemi abin dariya, na rasa. Na ce, "Wallahi ban sani ba."

Na ɗauka zai raina ni. Sai ya matso, ya ɓare lemon, ya ba ni rabi.

Abin da na tabbatar kawai, murfin uwarsa ya lotse, kuma gobe zan yi bayani.