Dutsen da Gwaggo Ta Gani

Talata, 1 ga Oktoba

Na kai wa Baba Ilu hoton Goron Dutse da na ɗauka daga saman soronmu bayan faɗuwar rana. Abokin marigayi babanmu ne, shekara arba'in yana sana'ar hoto a Ƙofar Kabuga, shi ya sa na ce ya duba mini kafin in kai baje kolin hotuna ranar sha ɗaya ga wata. Hoto ɗaya tak ake karɓa. Kwana uku ina gyaransa a kwamfuta, amma ko minti ɗaya bai yi yana kallo ba ya ce, "Aminat, wannan sama ce ko miyar da manja ya yi wa yawa?" Wai na dasa dutsen a tsakiya kamar hoton fasfo, kuma jan ya cinye komai. Wallahi na ji haushi. Ko sallamar kirki ban yi masa ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Gaskiyarsa ce. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na sake hawa, na yi yadda ya ce. Dutsen a gefen hagu, na bar wa sama fili, na jira har jan ya mutu ya koma shuɗi-shuɗi. Hasken nan ba ya wuce minti bakwai kafin a kira sallah. Gwaggo 'Yardada tana tsakar gida tana ta kwala mini kira, wai mace ba ta tsayuwa a sama da almuru. Ita ta raine ni, har yau 'yar shekara biyar nake a wurinta. Gyara kaɗan na yi wa hoton. Baba Ilu ya daɗe yana kallo, ya ce, "To, yanzu kin fara." A bakinsa wannan babban yabo ne.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Yaya Ɗahiru, ɗan Gwaggo, ya bugo waya. Ranar Asabar zai zo ya tafi da ita Kaduna ta zauna wurinsa gaba ɗaya. Likita ya ce ciwon idonta ya yi nisa, ko an yi aiki ba lallai ganin ya dawo ba. A gidan nan aka haife ta. Ta ci gaba da tsince shinkafarta da laluben yatsa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Gwaggo ta ce in nuna mata abin da ke hana ni saukowa. Na kawo kwamfutar dab da fuskarta, na buɗe sabon, wanda nake ji da shi. Ta ƙura ido, can ta ce, "Kin kunna kuwa?"

Don kada ta ji babu daɗi na buɗe tsohon, mai manjan. Sai ta ce, "Laa, ga Goron Dutse!" Ta ɗora yatsa tana bin gefensa. Wai ga kafaɗar da suke hawa suna 'yan mata su hango gidanmu. Shekara huɗu rabonta da ganinsa, ga shi kuwa a bayan katangarmu. Ban sani ba. Ban taɓa tambayarta ba. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tafi shagon Baba Ilu da shirin rigima. Na faɗa masa komai. Ya cire hula ya shafa kai. "Ba jan take gani ba, 'yata," ya ce. "Bakin dutsen take gani, inda duhu ya haɗu da haske." Ya ture ni ya zauna gaban kwamfutar da kansa, ya buɗe tsohon hoton. Ya mayar da dutsen baƙi ƙirin, ya ƙara wa sama haske fiye da nawa ma, ya yanke wayoyin lantarki da rufin gidaje, ya ƙara girmansa ya cika tsakiya. Na ce, "A tsakiya dai, Baba?" Ya ce, "Nan idonta yake fara faɗawa. Yi mini shiru." Hoton ya munana sosai. Ban taɓa jin ina son dattijon nan kamar yau ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Babbar takardar wanke hoto ɗaya ce ta rage masa, sabuwa sai Litinin. Ƙarfe sha biyu ake rufe karɓa a baje kolin. Ya ce, "Wanne za mu wanke?" Bai kalle ni ba. Na ce na Gwaggo.

Asabar, 12 ga Oktoba

Sun tafi. Ta hana a sa hoton a but ɗin mota, a cinyarta ta ɗora.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na ce wa kowa baje kolin bai dame ni ba. Ya ɗan dame ni.

Yaya Ɗahiru ya bugo, wai an rataye shi daidai fuskar gadonta. Sai Gwaggo ta karɓi wayar. Ta ce in sa Baba Ilu ya ɗauke ni ni ma ta wannan hanyar, haske a bayana, ko Allah zai sa ta gane tsayuwata. Ni da nake gudun gaban kyamara. Na ce mata zan duba, aiki ya yi mini yawa.

Na dai fito da baƙin gyalena na goge. Shi zai fi fitowa a jikin sama.