Laffayar Innarmu da Na Kai wa Tela

Assalamu alaikum Anti, ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Masu zagi kuma ku ɗan jira in kai ƙarshe, don babu kalmar da za ku faɗa min wadda ban riga na faɗa wa kaina a gaban madubi ba.

Ni matar aure ce a unguwar Moduganari a Maiduguri, kuma ciwona kayan sawa ne. Ba na maimaita kaya a biki. Na kafa wa kaina wannan doka tun ranar da wata ƙawata ta dube ni a gidan suna, cikin mata, ta ce, "Ke kam wannan leshin naki ya san kowa a garin nan." Aka kwashe da dariya, ni ma na yi, amma na koma gida ina tafasa. Daga ranar duk ankon da aka fitar sai na yi, ko da ban san fuskar amaryar ba. Atamfa, leshi, abaya, gyale, wasu har yau suna cikin ledarsu. Durowa ta cika ba ta rufuwa, amma in aka ce gobe biki sai in tsaya gabanta in ce ba ni da abin sawa. Innarmu, Allah ya jiƙanta, kayan fitarta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, kuma ban taɓa ganin ta fita an raina ta ba. Ni dai ban san inda na kwaso wannan hali ba.

Inna tana da wata laffaya ruwan zuma, mai aikin hannu na zare a bakinta, wadda kakarmu ta zo da ita daga aikin Hajji. Ita ce Inna ta naɗa ranar wushe-wushenta, wato taron da muke yi wa ango maraba a bikinmu na nan, ni ma ita aka naɗa min. A akwati take zama, kullum cikin turaren wuta. Da ciwon Inna ya yi tsanani a gidanmu na Hausari, ta kira ni da ƙanwata, bari in kira ta Yagana, mu biyu ke nan ta haifa. Ta ce min, "Ke kin saka laffayar nan a ranarki. Ki ajiye wa Yagana, in lokacinta ya zo ki naɗa mata da hannunki." Na ce to, ina kuka. Bayan arba'in na ɗauke akwatin zuwa gidana, Yagana ta koma karatu Kano.

Sai ga bikin ƙanwar waccan ƙawar tawa mai baki. Aka ce dina babu anko, kowa ta zo da nata. Kwana biyu ina zaga kasuwa, duk yadin da na taɓa sai in tuna wance tana da irinsa. Anti, me ya kai hannuna akwatin nan? Wallahi ban ce shaiɗan ba, ni ce. Na hau keke napep har Old Maiduguri inda babu telan da ya san ni. Wani dattijo ne, ya ware laffayar, ya shafa bakin aikin, ya ɗago ya dube ni. Ya ce, "Hajiya, wannan ba na almakashi ba ne, yanzu ba a yin irinsa. Mai shi ta sani?" Na ce, "Mai shi ta rasu, nawa ne. In ba za ka iya ba in kai gaba." Ya ɗauki awo. Doguwar riga ya yi min, mai matsattsen ƙugu.

Kun san abin da na samu? Ina shiga wurin dinar, ƙawar nan ta rungume ni, ta ja baya tana yatsina hanci. Ta ce, "Ɗinkin dai ya yi, amma wannan ƙamshin kakanni fa? Kamar an buɗe adakar tsohuwa." Shi ke nan. Ko hoto ban tsaya an ɗauka ba. Amanar uwata na yanka saboda matar da ko gaisuwar rasuwar Inna a waya ta yi min, kuma rigar ba ta yi awa biyu a jikina ba.

Da ambaliya ta shigo gari, ruwa ya cika mana gida har gwiwa. Mutane suna ceton abinci da takardu, ni ina jibga buhunan kaya a saman durowa. Katifa ta tafi, kujeru sun tafi, rigar ko ɗigo bai taɓa ta ba. Yagana ta kira daga Kano tana kuka. Da ta ji muna lafiya sai ta ce, "Yaya, laffayar Inna fa?" Ban ko yi tunani ba na ce ruwa ya tafi da ita. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ba komai Yaya, tunda kina raye." Ita ce ma take ba ni haƙuri. Wace irin yaya ce ni?

Tun ranar na daina sayen kaya, na fita daga gurup ɗin ankon, na raba wa waɗanda ruwa ya cinye nasu buhu biyu. Ana ta yabona, ni kuwa na san abin da nake wankewa. Na nemi irin laffayar ban samu ba. Na mayar wa telan rigar ko za ta haɗu, ya juya ta ya ce, "Ai na faɗa miki, Hajiya."

Yanzu saura sati uku bikin Yagana. Yarinyar nan halin Inna ta ɗauko. A takarda ta rubuta abin da take buƙata, na aiki, na gida, na fita, kaloli masu shiga da juna, ta ce wa dangin ango akwatin lefe biyu sun ishe ta. Shekaranjiya ta zo gidana, ta zauna bakin gado, ta ce ba za ta sayi sabon abu don wushe-wushe ba. Ta ce, "Yaya, ke ce Innata yanzu. Ranar Asabar zan zo mu zazzage durowarki tas, in zaɓi laffaya ɗaya cikin naki, ki naɗa min da hannunki yadda Inna ta ce." Har ta kai ƙofa ta juyo ta ce, "Kin san ɗakin nan naki har yanzu ƙamshin Inna yake yi?"

Jiya na fitar da rigar bayan gida da ashana a hannuna. Ƙamshin ya buge ni, na kasa. Mijina bai san komai ba. In na kai rigar gidan maƙwabta na ɓoye, zan tsaya ranar bikin in naɗa wa ƙanwata wata laffaya tana yi min godiya, ƙarya ta zauna har mutuwa. In na faɗa mata, ta rasa laffayar karo na biyu, ta rasa yayarta, ana saura kwanaki a kai ta ɗakinta, kuma ba ta da kowa sai ni.

Yau Alhamis, jama'a. Me zan yi?