Gatarin da na aro, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi, da ke kwance a makwancin gaskiya. Bayan gaisuwa irin ta ladabi, da fatan Allah ya sa kina cikin ni'ima. Ni ce Hajara, autarki. Na zo miki da magana ne a kan itatuwanki na gonar hanyar Paiko.

Kin tuna yadda kika raba. Kika ce ƙasa ta Yaya Tanko ce ya noma, itatuwa kuma nawa ne in ci 'ya'yansu. Kika kama hannuna muka zaga, kina dafa su ɗaya bayan ɗaya: kaɗanyar bakin rafi, kiryar nan mai karkata, ɗinyar da muke sha har haƙoranmu su yi baƙi, taura, sai babbar ɗorawar da ke tsakiyar gona. Da kalwarta nake yin daddawar da nake ciyar da jikokinki tun rasuwar ubansu.

Kin kuma san ƙa'idar garin nan. Ɗanyen itace na mai shi ne, ba mai sare shi. Amma in ya bushe, ya zama na mai gona. A da ban taɓa ganin aibin wannan ƙa'ida ba, Inna. Yanzu ita ke hana ni sukuni.

Bara kaɗanyar ta mutu. Ana tsakiyar damina, ko'ina shar, ita kaɗai ta zubar da ganye. Yaya ya ce gara ce. Na ce to. Bana kiryar ta bi sahu, wai ita ma gara ce. Kirya fa, Inna! Itacen da kike cewa gatari ma sai ya yi salati kafin ya shige shi. Kafin in gama juyayi, masu haƙar zinariya sun zo sun kwashe ta, za su tokare ramukansu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saurin zuwansu. Wa ya kai musu labari?

Ba wanda ban zarga ba. Na zargi Fulanin da ke sassabe reshe su ba shanu. Na zargi masu sassaƙa turmi na unguwar Shango. Har maƙwabcin gonarmu, tsohon nan Baba Shekwolo, sai da na riƙa amsa gaisuwarsa a daƙile. Shi kuwa da ya gan ni tsaye a gonar ina kallon saman itatuwa, dariya ya yi, ya ce da Hausarsa da kika sha kwaikwaya, “Yarinya, itace ba ya mutu daga kai. Duba ƙafa nasa.”

Na duba. A gindin kututturen kiryar an tara ƙasa da busasshiyar ciyawa, kamar tarin noma. Na tone da hannu. Can ƙasa, inda ido ba ya kai wa, an zagaye ɓawon da sara, an ɗaye shi tas. Haka na tarar a kaɗanyar. Ashe yanka su aka yi, aka rufe.

A kowane sara akwai wani ɗan zane da ya taso a tsakiya. Gatari mai giɓi ne ke barin irinsa. Kin san gatarin, Inna. Ke kika yi masa giɓin ranar da kika kai wa maciji sara kika sami dutse, Baba ya yi ta tsokanarki har ya bar duniya. Kin kuma san hannun Yaya ya koma a rabon gadon Baba.

Na so in ƙaryata idona. Na ce ai gatari ana aro. Na ce giɓi ba a gidanmu kaɗai yake ba. Sai dai na tuna yadda Yaya ke yawan ƙorafin inuwa tana kashe masa doya, da yadda kwanan nan yake aiko mini da doyar ba tare da na roƙa ba. Wannan Yayan da ya goya ni ya tsallakar da ni rafi, shi nake wa kallon nan yanzu. Wallahi abin yana mini ciwo fiye da itatuwan.

Nan take na nufi ɗorawar. Ita ma an tara mata ƙasa. Na tone, na sami saran, ɗanye, yana tsattsafo da ruwa. Amma bai zagaye ba. Rabi aka yi aka tsaya.

Tun ranar nake juya wannan rabin. Motsi ya ji ya gudu, da niyyar komawa? Ko ɗaga kai ya yi ya ga reshen da kike ɗaura mana lilo? Ke da kika haife shi, da kin gane daga tafiyarsa. Ni ban gane ba.

Na kwaɓa yumɓu da kashin shanu na shafe raunin, yadda kike yi. Daga nan na wuce gidansa, na ce ya ara mini gatari zan faskara itace. Ya shiga ɗaki ya daɗe. Da ya fito ya miƙo mini, idonsa na kan ƙafafuna. Na karɓa na kama hanyar gida.

Gatarin na ƙarƙashin gadona. Ban mayar ba, shi ma bai aiko a karɓa ba. Ɗorawar ta fitar da jajayen furanninta a ɓangaren da ya tsira, ɗaya ɓangaren kuwa shiru.

Innata, Allah ya haskaka kabarinki, ya ba ki inuwar da ba mai sarewa. Allah ya raya mini ɗorawar nan. Kuma Allah ya sa kunyarki ce ta riƙe masa hannu, ba motsin tafiyar wani ba.

Taki har kullum,
Hajara