Farantin da Ban Share Ba

Tanauan, Litinin, 18 ga Afrilu, 1994
Aikin farko: sauya igiyar sulken ƙirji.

Zuwa ga Tiyo Delfin,

Kawu, ka yi haƙuri da layin da ke sama. Daga littafin da nake rubuta al'amurana na kullum na yago takardar nan. Na ɗora hannunka a goshina. Da wannan gaisuwar girmamawa nake fata gwiwa ta yi sauƙi, zaman Calapan kuma ya karɓe ka. Mahaifiyarmu Nanay, yayarka, tana gaishe ka, ta ce ka rage gishiri. Herminia da yara lafiya lau.

Kwamiti ya ba ni alƙalancin wasan ƙarshe na besbol, ranar bikin San Isidro, tsakanin unguwannin Ilaya da Ibaba. Ni zan tsaya a bayan faranti, inda mai bugu ke tsayawa. Shekara goma sha shida ina jiran wannan wasa, yanzu kuma so nake in ce su nemi wani, in ajiye alƙalancin gaba ɗaya. Ban faɗa wa kowa dalili ba.

Mako uku da suka wuce, ƙwallo ta goge gorar mai bugu ta yo baya, ta bi ta saman kafaɗar mai cafewa ta same ni a takunkumin kare fuska. Sandar ƙarfe ta biyu ta lanƙwashe, na ji ɗanɗanon jini a bakina. Ciwon bai taka kara ya karya ba. Amma tun ranar, duk jifan da ya taso sama, idona rufewa yake. A wasan jiya na ƙirga: sau goma sha ɗaya na ce "ta shiga" ko "ta fita" alhali ƙarar faɗawarta cikin safar mai cafewa kawai na ji. Babu wanda ya yi gardama, abin da ya fi damuna ke nan.

Da saura. Mai cafewar ranar ƙanena Nato ne. Ka san tun bara da na kore shi daga fili bai ƙara ce mini uffan ba. Gidan Nanay ma sai ya ga babu kekena a ƙofa yake shiga. Kai ka koya mana mu biyu cewa idan ƙwallo ta bugi alƙali, mai cafewa ya miƙe ya taka zuwa wurin mai jifa kamar yana da maganar da zai faɗa masa, don alƙali ya samu ya dawo hayyacinsa ba tare da 'yan kallo sun gane ba. Baƙin da ba su san sunana ba sun yi mini haka. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya bai tashi ba. Hannu kawai ya miƙo baya, ko waiwaye babu, in ba shi wata ƙwallo.

Shi zai cafe wa Ibaba a wasan ƙarshe. Rabin wasan zan yi shi a sunkuye bayansa, har ina jin ƙamshin man gashinsa.

Takunkumin yana nan a lanƙwashe. Mai walda ɗaya ne a unguwarmu ya iya irin wannan aiki, shi ne kuma Naton.

Ka gaya mini gaskiya, Tiyo. Wataƙila dama can ban dace da aikin ba.

Ɗanka mai girmama ka,
Crisanto

Calapan, 24 ga Afrilu

Santo,

Na amsa gaisuwa. Gwiwa tana nan, ta fi rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Ka ce wa uwarka gishirin da bai kashe ni a shekara saba'in ba ya makara.

Wai ba ka dace ba. Tun kana ɗan shekara tara kake wannan waƙar. Alƙalin da ƙwallo ba ta taɓa rufe wa ido ba, a bencin 'yan kallo yake alƙalanci. Ni a shekarar da aka haifi Nato sai da na yi wata biyu ina kiran wasa da kunne. Maganinsa ba shi da wuya. Ka tsaya bayan wayar kejin kaji, hancinka dab da ita, wani ya riƙa jifan wayar da ƙarfi. Ashirin da safe, ashirin da yamma. Kada ka bi ƙwallo da kai, ka bi ta da ido har ta tsaya, ka ja numfashi ɗaya, sannan ka buɗe baki. Gaggawar kira ita ke haifar da rabin tsoron.

Yanzu ɗaya maganar. Rabin darasi ka rubuto mini, rabin da ya yi maka daɗi. Ga sauran, tunda ka manta: idan mai cafewa ƙwallo ta buga, alƙali ya tsayar da wasa, ya zagayo gaba, ya ciro burushi ya share faranti a hankali, ko da ya fi tasar coci tsabta, har mutumin ya miƙe. Ba ya cikin littafin dokoki. Saboda haka ne ya fi doka nauyi.

Ina wurin bara, a benci na uku. Ka buɗe littafin nan naka da kake rubuta har yawan atishawarka, ka duba abin da ya faru jifa biyu kafin Nato ya yi wurgi da takunkuminsa ya zage ka. Ban ce korar kuskure ce ba. Da ni ne, bayan kora har gida zan bi shi. Abin da ya zo kafin korar nake tambaya.

Kada ka je wurin kwamiti sai ka amsa mini. Ka gaida Herminia, Allah ya ƙara mata haƙuri da kai.

Tiyonka,
Delfin

Tanauan, Talata, 3 ga Mayu

Zuwa ga Tiyo Delfin,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na yi jinkiri, don sai da na kwana huɗu da wasiƙarka kafin in buɗe littafin bara. Ga abin da na samu, da rubutun hannuna:

"Zagaye na biyar. Ƙwallo ta sami N. a maƙogwaro, ƙasan takunkumi. Ya durƙusa. Mutanen Ilaya sun zuba ido. Ban share ba, kada a ce. Na ce a ci gaba."

Har layi na ja a ƙarƙashin "kada a ce", kamar abin alfahari. Na tuna yanzu. Hannuna ya kai aljihu, na taɓa burushin, sai na ji wani daga benci yana cewa, "Mu gani ko zai lallashi ƙanensa." Na janye hannun. A jifa na gaba ƙwallo ta kuɓuce masa don bai gama numfashi ba, mutumin Ilaya ya ruga ya ci. Wata goma sha ɗaya ina riƙe da zagin da ya yi mini kalma-kalma, wannan kuwa na manta shi sarai. Abin da zan yi wa kowane baƙo na hana shi, don kawai nawa ne.

Na fara aikin waya. Dole na faɗa wa Herminia, don ita ce mai jifa. Ta ajiye wanki ta ce, "Shekara goma sha takwas ina jiran a ce in jefe ka, Santo. Ashirin kawai?" Hannunta ya fi na wasu da ke sa rigar wasan Ilaya. Kaji sun daina ƙwai kwana biyu. Ranar farko na rufe ido sau goma sha huɗu, jiya sau biyar.

Ranar Asabar na sa takunkumin a jaka na tafi shagon Nato. Na shirya magana tun daga gida, na ma rubuta ta. Da ya hango ni sai ya sauke hular walda a fuska ya ci gaba da aiki. Na tsaya ina kallon tartsatsi. Aling Pacing mai sayar da miyar taliyar lomi a gefe ta leƙo ta ce, "A'a, alƙali! Daga shagon nasa ma korarsa ka zo yi?" Masu jiran gyara suka kwashe da dariya. Na zauna na sha lomi kwano ɗaya da ba na so, na hau kekena, takunkumi yana jaka.

Ban je wurin kwamiti ba. Ban kuma san ko daidai na yi ba.

Ɗanka,
Crisanto

Calapan, 8 ga Mayu

Santo,

Gaisuwa. Bakinka bai taɓa iya komai ba sai "ta shiga" da "ta fita", ka ƙyale shi ya huta. Ga burushina na ba mai kawo wasiƙar. Rabin gashinsa ya zube kamar nawa, amma yana aiki. Ba na roƙon Allah ƙwallo ta bugi ɗan yayata. Sai dai mai cafewa ne, ban taɓa ganin wasan da ba ta buge shi ba.

Allah ya tsare.
Delfin

Tanauan, Litinin, 16 ga Mayu

Zuwa ga Tiyo Delfin,

Na ɗora hannunka a goshina. An yi wasan jiya bayan an fito daga coci, na kuma tsaya. Zan ba ka labari bi da bi.

Na duba kayana sau uku: sulke, kariyar ƙwauri, takunkumi mai lanƙwasa, burushinka a aljihun dama. Fili ya cika har kan katanga. Zagaye biyu na farko Nato ya tsuguna gabana kamar babu kowa a bayansa. Na rufe ido sau ɗaya, a jifa na shida, na yi sa'a mai bugu ya kai mata gora, ba sai na kira ba.

A zagaye na uku ƙwallo ta same shi a babban yatsan hannun da babu safa. Na ji ƙarar. Ya matse hannun tsakanin cinyoyinsa. Daga bencin Ilaya wani ya ɗaga murya, "Alƙali, ba asibiti muka zo ba!" Hannuna ya kai aljihu kamar bara. Na ɗaga hannu biyu, na zagayo gaba, na ba mai jifa baya, na sunkuya. Farantin fari fat, ko ƙwayar yashi babu. Na fara daga kusurwar hagu. Na share kowane gefe, na dawo tsakiya, na sake farawa.

Kanmu ya kusa haɗuwa. Can ya ce, a hankali, "Kuya, farantin nan fa tas yake."

Na ce, "Na sani."

"To me kake sharewa?"

Na ce, "Na bara."

Na ci gaba da shara. Sai ya ce, "Burushin Tiyo ne wannan? Ya tsufa ya yi sanƙo." Ya karkaɗe hannu ya mayar da takunkumi. "Koma wurinka, za ka goge fentin."

Wata goma sha ɗaya da kwana ashirin ban ji ya kira ni Kuya, wato Yaya, ba.

A zagaye na shida tawa ta zo, ta same ni a damtse, inda sulke bai kai ba. Hannun ya mutu har yatsu. Kafin in gama ganin taurari, Nato ya miƙe. Tafiya yake kamar mai rakiyar gawa, har wurin mai jifansu Boyet. Suka daɗe kai a haɗe. Bayan wasa Boyet ya ce mini tambayarsa ya yi ko akuyarsa ta haihu, da aka ce eh, ya ce 'ya'ya nawa, wane launi.

Sauran ya fi wuya. Zagaye na ƙarshe, Ilaya huɗu, Ibaba uku, mutum biyu sun fita, ɗan Ibaba yana tsaye a zango na uku yana jiran a buga ya shigo. Nato ne da gora, saura kuskure ɗaya ya fita. Jifan ya taso sama, irin wanda ke rufe mini ido, sai ya sauko ya yanki gefen faranti daidai ƙirjinsa. Bai kai mata gora ba. Na bi ta har cikin safa, na ja numfashi ɗaya kamar yadda ka ce, na ɗaga hannu. Wasa ya ƙare a kan ƙanena.

Mutanen Ibaba suka yi caa. Shi kuwa ya juyo ya dube ni ta cikin ƙarafan takunkumi.

"Idonka biyu?"

Ashe ya sani. Wata guda yana jin ina ja da baya a bayansa, bai faɗa wa kowa ba.

Na ce, "Biyu."

Ya ce, "To ta shiga." Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa sandar da ta lanƙwashe. "Da wannan abin kunyar ka yi wasan ƙarshe? Mutane su ce ba ka da ɗan'uwa mai walda."

Da yamma mun ci abincin biki a gidan Nanay a tebur ɗaya. Bai yi mini magana da yawa ba, galibi da Herminia yake, yana roƙonta ta zo ta yi wa Ibaba jifa baɗi. Nanay ta yi ta shiga kicin tana fitowa ba ta ɗauko komai ba.

Ban sani ba ko idon ya warke ke nan. Na rubuta sau ɗaya, mai yiwuwa biyu ne. Ka gaida mutanen gida. Takarda ta ƙare mini, sai ka haƙura da ayyukan gobe da na riga na rubuta a ƙasan wannan shafin.

Ɗanka mai godiya,
Crisanto

Talata:
1. Waya, ashirin da safe, idan Herminia ta yarda.
2. Man zafi na damtse. A sayi biyu, ɗaya na yatsa.
3. Gyara wayar kejin kaji, ta huje.
4. Mayar wa Tiyo burushi. Ko a tambaye shi tukuna.
5. Takunkumi zuwa shagon Nato. Ya ce ƙarfe bakwai, in kuma zo da kofi.