Saƙon Banki A Ƙarƙashin Tabarma

Matameye

Zuwa ga ƙanena Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da sauran 'yan cin rani.

Nan gida sai godiyar Allah. Rumbuna sun ƙare tun kafin zafi ya shigo, farashin tiyar hatsi kuma kullum hawa yake. Sojojin da suka karɓi mulki sun ce taimako na hanya, ba mu gan shi ba tukuna. Matan unguwa kowacce idonta na kan tasha.

Sani direba ya ce ya same ka a rame, wai wata takardar banki ta hana ka cin abinci. Mene ne? Kada ka ɓoye mini.

Yayarka,
Indo

Kano

Yaya Indo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da ladabi. Sani dai bakinsa ya fi motarsa gudu.

Na je kafe duba imel, na tarar da saƙo da tambarin bankina. Wai ana tantance baƙi. In ban latsa wani wuri na zuba lambar sirrina ba kafin ƙarshen wata, za su rufe ajiyar. Kin san ni kaɗai ke da banki a cikinmu, guminsu Gambo da na duk mazan unguwa a sunana yake.

Za ki ce in je bankin. Yaya, da na buɗe ajiyar, ɗan wajen Daura na ce ni ne, na ɓoye cewa daga tsallaken iyaka nake, kamar yadda kowa ke yi. In na shiga suka ji harshena fa? Kafe kuwa ba ya tambayar garinku. Na sa an buga mini saƙon, yana ƙarƙashin tabarmata, na kasa zama na kasa tsayuwa. Ban gaya wa kowa ba. Ina ganin latsawa zan yi a huta.

Naki,
Ɗanjuma

Matameye

Ɗanjuma,

Salamun alaika. Takardarka ta iso da la'asar, ban ko naɗe sallaya ba na fita.

Don Allah kada ka latsa komai. Na je wajen Balki, mai aiki a asusun ajiya na nan garin. Ta ce banki ba ya tambayar kode, wato lambar sirri, ta saƙo, ko ita da ke bayan kanta haramun ne ta san na mutum. Tambari kuwa, kowane ɓarawo na iya kwafa. Ta ce ka duba, sun ambaci sunanka, ko kuwa sun ce "abokin hulɗa" kawai? Ni ma ina da tawa tambayar. Mutanen da suka ɗauki hotonka da yatsanka, me zai sa su ce ka bayyana kanka a shagon wani? Kuma wannan gaggawar ta mece ce?

Maganar Daura ba ta yi mini daɗi ba, ka nemi gafarar Allah. Amma wanda ya rubuto saƙon nan da tsoronka yake aiki. Ko da za su tsare ka su yi ta tambaya, ai wuni ne ko kwana. Kuɗin nan kuwa abincin gidaje ne har kaka.

Sai abu ɗaya, ka yi haƙuri. A hanya na haɗu da Kande matar Gambo da goyonta. Ta ce, "Yaya Indo, lafiya kike sauri haka, ko kuɗin sun iso?" Na yi kamar zan wuce. Ta ce, "Ki dubi Allah." Ban iya cewa babu komai ba, haƙƙinta ne. Na faɗa mata duka. Tata takardar na cikin motar da ta ɗauko wannan.

Ka taka da ƙafarka ka shiga bankin. Allah ya tsare.

Indo

Kano

Yaya,

Gaisuwa. Gambo ya riga ni karanta tasa. Da hantsi ya damƙe hannun rigata, har ƙofar banki bai saki ba, yana cewa, "Shiga, Sarkin Daura, mu ga fadarka."

Matar da ke kanta ta dubi takardar ta ce ba su suka aiko ba, in yaga. Ba ta tambayi garinmu ba. Wani dattijo a gefe na riƙe da irinta yana salati, shi ya riga ya latsa.

Ajiyar na nan. Gobe za mu kasuwar Dawanau sayen gero, Sani zai kawo. Gambo ya ce daga yau ƙafarsa ƙafata in zan je kafe, kuma duk unguwa yanzu Sarkin Daura ake kirana. Wannan ke kika jawo mini.

A gaida Balki.

Ɗanjuma