Sa Hannun Ranar Litinin

Kafanchan, 8 ga Maris, 1976

Malam Zamani, hedimasta kuma mijin yayata,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Na gaishe ka ne don haka aka rene ni, ba don raina ya so ba.

Yau kwana goma da dakatar da ni daga koyarwa, ina raɓe a ɗakin abokina a kwatas ɗin reluwe kamar ɓarawo. Laifina? Na koya wa 'yan aji huɗu kalmar revolution, wadda ke cikin littafin karatunsu. Na ce daga Latin ta fito, revolvere, wato mirginawa a komo inda aka faro. Na ce da farko ana faɗinta ne ga zagayen taurari, makanikan jirgin ƙasa ma da ita suke ƙirga juyin inji, sai daga baya aka ɗora ta kan jama'ar da suka kifar da mulki, kamar a Faransa. Sufeto ya shigo, ya dubi allo, mako biyu bayan harbe-harben yunƙurin juyin mulki a Legas, ya ce ina zuga yara.

Sai ga shi ka gaya wa kwamitin bincike ba ka taɓa ganin darasin ba. Haba Malam! Kowace Litinin muna jera maka littattafan shirin darasi, kana sa hannu da jan biro kana hira, ko layi ɗaya ba ka karantawa. Sa hannunka na nan a ƙasan shafin. Ka faɗi gaskiya, in ba haka ba ranar 25 ga wata zan ajiye littafin a gaban kwamiti.

Ka gai da Yaya Afiniki da yara.
Kumai

Kwoi, 14 ga Maris, 1976

Kumai,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Takardarka ta iso, da rashin kunyar da ke cikinta.

Malamai uku ke koyar da littafin nan. Biyu sun tsallake shafin saboda suna da hankali. Kai kuwa, da yake ka yi Zariya, sai ka cika allo da Latin a lokacin da ake kwashe mutane ana tafiya da su. Wa ya aike ka? Kana tsammani soja zai tsaya tambayar asalin kalma?

Shekara ashirin da biyu ina aikin nan ba tabo. In ka kai littafin shirin darasin, ba za ka tsira ba, mu biyu za a kora. Kai gwauro ne, ni baki tara nake ciyarwa. Ka rubuta ka nemi gafara, ka bar sunana.

Yayarka za ta zo kasuwa ranar Asabar, za ta kawo maka acca. Ban hana ta ba.

Ka huta lafiya.
Zamani, Hedimasta

Kafanchan, 26 ga Maris, 1976

Yaya Afiniki,

Gaisuwa, in har kina son ta.

Jiya na tsaya gaban kwamiti hannu wofi. Na rantse akwai littafi, suka ce ina yake. Mijinki na zaune yana kallon silin. Sun sallame ni, kuma ba makarantar da za ta sake ɗaukata a jihar nan.

Na zazzage akwatina sau uku, littafin ba ya nan. Ba wanda ya shiga ɗakin nan sai ke. Kin dafa mini acca, kin aike ni sayo kananzir, na dawo na tarar kina share ƙasa kina waƙar coci. Har godiya na yi miki, ni wawa! Ke kika goya ni bayan rasuwar Mama, ke kika noma citta na yi karatu. Ki ce mini ba ke ba ce, wallahi zan yarda.

Ƙanenki,
Kumai

Kwoi, 30 ga Maris, 1976

Kumai ƙanena,

Na gaishe ka. Ni ce. Ba shi ya aike ni ba, bai ma sani ba. Na sa littafin a murhu da hannuna, ina kuka, kuma da za a sake yau zan sake. Yarana bakwai ne.

Na nemi gafarar Allah. Taka ba zan nema ba, don na san ban cancanta ba.

Ubangiji ya kiyaye ka.
Afiniki